Abin da Wanzamin Gidanmu Ya Ɓoye Mini

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kunya ta hana. "Ke" ce ni. Ƙanwata auta kuwa har cinya take hawa da girmanta. Na saba, amma abin bai daina ci mini rai ba.

Shekarar da na zo gida wankan jego, Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba, wani ƙullutu ya fito wa Inna a nonon hagu. Aka kira wanzamin gidanmu, tsohon da ya cire mana belu dukanmu. Ya duba, ko zabirarsa bai buɗe ba. Ya ce, "Wannan ya fi ƙarfin askata. Akwai lokotoro, likitan Nasara, a bariki, ni zan kai ki da ƙafata."

Ya kuwa kai ta. Duk ranar da suka dawo sai ya zauna a zaure ya warware mata maganar lokotoro dalla-dalla. Wa ake kira ta zauna kusa? Auta! Ni ina ɗaki da jaririya da kunun kanwa, ina jin ƙus-ƙus. In na leƙo ya ce, "Maijego, koma, da sauƙi." Da sauƙi! Wallahi kishi ya ci ni har tuwo ba ya wuce mini. Yarinyar da ko zani ba ta iya ɗaurawa ba, ita ce mai riƙe sirrin uwata?

Ranar da na yi arba'in na tare wanzamin a ƙofar gida. Na ce, "Baba, bare ce ni a gidan nan?"

Ya ce, "Ciwon daji ne. Jibi za su yanke nonon, kuma ban ce miki za ta tashi ba. Tun ranar farko na so in faɗa miki, ita ta hana. Wai tashin hankali yana ƙafar da nonon maijego. Cewa ta yi, 'Nawa ya tafi, a bar wa waccan nata.'"

Waccan. Ko a nan ba ta kira sunana ba.

Na shiga na same ta kwance, auta na yi mata fifita. Na fizge maficin na zauna. Inna ta juya fuska bango kamar yadda ta saba, ta ce, "Ke, yarinyar ta sha?"