Bindiga a Gahawar Babikir

Mun tashi da asuba daga Malumfashi, ni da aminina, wani tsohon maharbi da bai taɓa wuce Zariya ba. Motar gyaɗa ce ta kai mu Kano, muna zaune a kan buhuna, kowane rami sai ya gaisa da ƙashin bayana. Wannan ne zuwana Makka na uku. Na farko da ƙafa da raƙumi na yi shi, ta Barno da Wadai da Darfur, shekara biyu cur. Na biyu a mota. Wannan karo aka ce jirgin sama ne, ka karya kumallo a Kano ka yi Magariba a Jidda. Gaskiya suka faɗa, sai dai ba su ambaci kwana biyar da muka yi a sansanin alhazai muna bin layin allura da layin takarda ba. A da ƙafa ke gajiya, yanzu rai ne.

Jirgi ya sauka Hartum ya sha mai. Aminina bai buɗe ido ba tun daga Kano, yana riƙe da hannun kujera kamar linzami. Da na ce masa mun iso Sudan, sai ya ce in bar shi, ba ya son ganin ƙasar da bai taka ba.

Ba zan tsawaita a kan aikin Hajji ba. Mun yi shi lafiya, Allah ya karɓa. Labarin da nake son ba ku ya faru ne bayan mun dawo Jidda muna jiran jirgin komawa, jiran da aka ce na kwana uku ne ya zama na goma sha tara.

Jidda ta canja mini. A zuwana na farko ganuwa ce kewaye da ita, ruwan sha kuwa na teku ne da ake dafawa a inji, jakuna na yawo da shi. Yanzu an rushe ganuwar, an shimfiɗa kwalta, manyan motocin Amurka na ta ƙara. Zafin ne kawai bai canja ba. Zafin Agadas yana ƙona ka ya bar ka a bushe. Na Jidda lulluɓe ka yake yi, riga ta manne da jiki tun hantsi. A masaukin alhazai mutum ba ya iya miƙe ƙafa sai ya taɓa wani. Kullum wakilin alhazai ya zo ya ce "bukra", wato gobe, har aminina ya ɗauka sunan jirgin ke nan.

Rana ta huɗu na gaji da zaman, na ja shi muka hau bas zuwa bayan gari, kan hanyar Makka, wajen da suke kira Kilo Shida. An ba ni labarin wani Bahaushe mai gahawa a can. A bakinsu gahawa sunan abin sha ne, kuma sunan wurin da ake shan sa. Rumfa ce ta kwano da tabarmi, an jera gadajen igiya masu dogayen ƙafafu, ka hau ka harɗe, a kawo maka shayi a ɗan kofin gilashi, kirshi biyu. Da safe akwai wake da aka dama da man zaitun, da wata faffaɗar gurasa mai zafi. Ban ci abin da ya kwanta mini a Jidda kamar su ba.

Mai wurin sunansa Babikir, mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar. A Gadarif ta Sudan aka haife shi, kakansa Bakatsine ne da ya tsaya a hanya. Hausarsa rabi Larabci ce. Masu zuwa wurinsa kashi biyu ne. Akwai mutanenmu, lebura da direbobi da alhazai irinmu. Akwai kuma Larabawan duwatsu, waɗanda ake kira Badu, masu kawo tumaki da gawayi kasuwa. Su waɗannan ba sa shiga cikin gari da makami, amma a nan bakin hanya kowa na rataye da bindigarsa, da ɗamarar harsashi a ƙirji. Haka za su hau gado, su ɗora ta a cinya, su sha gahawa.

Da Babikir ya ji na yi yawo, sai ya ja ni gefe ya nuna mini tukunyar ruwan zafinsa ta tagulla. An toshe wani rami a cikinta da dalma. Ya ce wata biyu da suka wuce bindigar wani ta zame daga gado ta tashi, harsashi ya bi ta gefen kunnen wani direba ya huda tukunyar.

"Wallahi, Baba Alhaji, tun ranar ba ni da natsuwa," in ji shi. "Kafilina, Balaraben da takardar zamana ke hannunsa, ya ce in aka sake, halas, shi ke nan, 'yan sanda za su rufe wurin, iƙamata, takardar zaman nan, ta mutu, a mai da ni Sudan. Me na bari a Sudan? In kuma na ce wa Badu kada su shigo da bindiga, na zage su. Kai ka ga duniya, yaya ake yi?"

Na ji daɗin tambayar fiye da yadda ya kamata. Kwana uku ina ba shi misalai. Na ce a Agadas Buzu yana shan shayi da takobinsa, ba wanda ke damuwa, amma takobi ba ya tashi da kansa. Na ce a Ankara Bature ya hana, sai wuƙaƙe suka koma cikin aljihu. Na ce a Alƙahira ɗan sanda ne kawai ke shiga gahawa da bindiga, kuma shi ne ba ya biya. Masu zama suka shiga maganar. Wani direba Bazabarme ya ce a hana kawai, wurin shan shayi ba filin yaƙi ba ne. Wani ɗan Jidda, jikan alhazai, ya ce ba mu san Badu ba, namiji a wurinsu ba ya cika sai da bindiga, kuma tun da yake bai ga ɓarawo ya leƙo gahawar da suke zaune ba. Kowa ya faɗi tasa, shayi ya huce, Babikir na nan inda yake.

 Aminina dai yana zama kusa da ƙofa saboda iska, yana kallon bindigogin da irin idon da mai doki ke kallon dokin wani.

Rana ta bakwai da hantsi wata tsohuwar mota ta tsaya. Wani dattijon Badu ya sauko, siriri, gemunsa ja da lalle, yana tari. Jakar fata a kafaɗa ɗaya, bindiga a ɗaya, 'ya'yansa biyu magidanta na biye. Kun san halinmu, ba a barin baƙo tsaye da kaya. Kafin in ankara aminina ya miƙe, ya ɗan rusuna, ya ce da Hausa, "Sannu da zuwa, Baba, kawo kaya." Ya sauke jakar da hannun hagu, ya kama igiyar bindigar da na dama.

 Babban ɗan ya zare wuƙarsa mai lanƙwasa har rabi. Ƙaramin ya juyo da bakin tasa bindigar. Mutanenmu suka fara zamewa daga gadaje. Na hangi Babikir riƙe da buta, shayi na zuba a ƙafarsa bai sani ba. Aminina kuwa yana ta murmushi yana jan igiya a hankali, ya ɗauka irin ja-in-jar da baƙo mai kunya ke yi ne.

Na sauko daga gado, na yi sallama da Larabci. Na ce wa dattijon wannan baƙo ne, ba ya jin harshenku. A ƙasarmu abin kunya ne babba ya iso a bar shi da nauyi a kafaɗa, girmamawa ce ya yi maka.

Dattijon bai saki igiyar ba. Ya dube ni ya ce, "A ƙasarku, wanda ya karɓi kayan mutum yana karɓar jininsa?"

Na ce ban gane ba. Ya ce akwai jini tsakanin gidansu da wani gida, shekara tara ba a sasanta ba. A wurinsu in ka ajiye bindiga a gidan mutum, ka shiga fuskarsa. Duk abin da ya same ka a nan, shi da danginsa za su tsaya. Sai ya juya ga Babikir ya ce, "Kai mai gahawa, kana da fuska?"

Babikir ya sunkuyar da kai. Baƙo ne, ba shi da dangi a ƙasar.

"Malam, wai me suke cewa ne?" in ji aminina. Na fassara masa. Ya yi tsaki kaɗan ya ce, "To shi ne abin zare ido? Gaya masa ya zauna ya sha shayinsa, ni zan zauna da ita a bakin ƙofa. Na tare ɓauna da harba-ka-ruga, balle da wannan. Ka kuma gaya masa a ɗane take. Ya shigo cikin mutane da bindiga a ɗane, ko sabon maharbi ba ya haka."

Rabin farko kawai na fassara. Dattijon ya daɗe yana kallon hannun aminina, inda albarushi ya taɓa cinye masa yatsa ɗaya. Sannan ya saki igiyar. Aminina ya juya bakin bindigar ƙasa, ya zare harsashin kamar tasa ce, ya miƙa wa mai ita a tafin hannu. Dattijon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya daka wa 'ya'yansa tsawa, su ma suka miƙa.

Daga ranar aminina ya sami aiki. Babikir ya kafa masa wani tsohon durom na ruwa a bakin ƙofa, nan ake jingine bindigogi. Labari ya bazu cewa akwai wani tsohon Takari, haka suke kiran mu, mai yatsu tara, wanda ke karɓar fuska. Wasu suka miƙa suna dariya. Wasu suka tofar da yawu suka wuce gahawar gaba, ba su sake dawowa ba. Ni dai kullum in mota ta tsaya, sai in hau tunanin abin da zan gaya wa iyalin aminina in mutanen gidan da ke gaba da dattijon ne.

Rana ta goma sha takwas wakili ya ce "bukra", kuma wannan karo da gaske. Babikir ya ce, "Ku tafi ku bar ni da wa?" Ba ni da misalin wata ƙasa da zan ba shi.

Da safe muka je sallama. Muna zaune sai ga motar dattijon. Aminina ya yunƙura, na danne masa gwiwa. Babikir ya goge hannunsa a riga, ya fita bakin ƙofa, ya miƙa hannu biyu. 

"Mutum nawa ke bayanka?" in ji dattijon.

"Ba kowa, ya ammi, baffana. Sai matata da 'ya'yana mata uku, kuma a bayan rumfar nan suke kwana."

Dattijon ya leƙa bayan rumfar, inda wanki ke shanye a igiya. Ya zare harsashin da kansa, ya ɗora bindigar a hannun Babikir. Ƙaramin ɗan ya bi sahu. Babban ya ce shi ba zai shiga fuskar mai dafa shayi ba, ya koma mota ya zauna cikin rana da tasa a cinya. Babikir ya aika masa da gahawa can. A haka muka bar su.

Mun sauka Kano da la'asar, muka kwana, washegari muka iso gida. Kwana uku na yi ban fita zaure ba don gajiya. Masu zuwa barka suna tambayata farashin darduma da agogo, ni kuwa hankalina na Kilo Shida.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne. Na yi kwana uku ina magana da harsuna huɗu ban warware komai ba, mutumin da ba ya jin ko "bukra" ya warware da kuskure. In kun tambaye ni, har yanzu ina ganin bindiga ba ta da wurin zama a inda mutane ke shan shayi kafaɗa da kafaɗa. Amma na daina faɗin haka da sauƙi, domin na ga abin da ake nema daga wanda ya hana. Mu mun hau jirgi, Babikir ne ke tsaye a bakin ƙofa kullum, shi kaɗai, ga jinin shekara tara da ba a sasanta ba. Duk wanda Allah ya kira baɗi a cikinku, don Allah ya sauka a Kilo Shida, ya duba mini ko gahawar na buɗe.