Hutun Da Bu Ratmi Ba Ta Nema Ba

Shekara goma sha bakwai Bu Ratmi ta yi a wani kamfani da ke fitar da kujeru da gadajen katako ta tashar jiragen ruwa ta Semarang. Ita ke shirya takardun kaya, babu kwantenar da za ta hau jirgi ba ta bi ta hannunta ba. Ba ta taɓa makara ba. In manaja Pak Hartono ya tambayi wanda zai tsaya bayan an tashi, kafin ya rufe baki ta ce, "Ba komai, Pak, zan tsaya." A gida kuma ga surukarta da ɓarin jikinta ya shanye, ga 'ya'ya biyu, ga mijinta Pak Gunadi mai gyaran babura, mutumin kirki wanda ko ruwan shayi bai iya ɗorawa ba.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, kusan shekara biyu ke nan da aikin ya fice mata daga rai. Takan karanta layi ɗaya sau huɗu bai shiga ba. Da azahar in ta idar da salla, sai ta ci gaba da zama a ɗakin sallar mata tana kallon bango, ba tasbihi ba addu'a, har sai ta ji takun wani.

Ana haka aka kawo sabuwar jami'ar kula da ma'aikata, Mbak Lintang, 'yar Jakarta mai yawan fara'a. Tun ranar farko Bu Ratmi ba ta yarda da fara'ar nan ba. Irinta uku ta gani sun zo, kuma bayan zuwan kowacce sai da aka rage mutane.

Sati biyu da zuwanta, Lintang ta raba takardar tambayoyi. Kina jin daɗin aikinki? Kina samun barci? Ta ce kada kowa ya sa suna.

"Wai ba suna," in ji abokiyar aikinta Bu Endang, suna cin shinkafa da tempe, wato wainar waken soya, a bayan sito. "Mu tara ne a ofis. Rubutuna ko makaho ya shafa zai gane."

"Ke me kika rubuta?"

"Na ce a Aljanna nake, fanka ce kawai ba ta aiki."

Bu Ratmi ta ɗaga tata takardar a hasken taga, ko an ɓoye wata alama a kusurwa. Ba ta ga komai ba, duk da haka ta ari biron wani, ta amsa kowace tambaya da "ƙwarai kuwa".

Daga nan ta lura idon Lintang na kanta. Sau biyu tana fitowa daga salla ta tarar da ita a baranda, wai tana duba waya. Ranar Alhamis kuma Lintang ta gayyace ta shan miyar soto a bakin titi. Bu Ratmi ta bi ta.

"Bu, takardu tara na karɓa," in ji Lintang. "Guda ɗaya ce babu ƙorafi ko ɗaya a ciki."

"Ai abin farin ciki ne, Mbak."

"Ita ta fi ba ni tsoro."

"Na ɗauka kin ce ba suna."

"Ba suna. Amma takalmanki na daɗewa a ƙofar ɗakin salla. Mahaifiyata ma haka ta yi, a banɗaki take zama, har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a wurin aiki." Ta tura mata kofin shayi. "Shekara huɗu ba ki ɗauki hutu ba. Na roƙi Pak Hartono ya ba ki sati biyu."

"Wa zai riƙe takardun?"

"Ki nuna wa Bu Endang."

Ashe nan aka dosa, in ji Bu Ratmi a ranta. So suke su gwada ko aikin zai tafi ba ita. Labarin mahaifiyar ma wa ya san gaskiyarsa? Ta yi godiya da murmushi. Ta nuna wa Endang komai, ban da lambar wayar wani tsohon ma'aikacin tasha da ke warware mata matsala in takarda ta maƙale.

Kwana uku tana gida wayarta a hannu, ba wanda ya kira. A rana ta huɗu, bayan yara sun tafi makaranta, ta ɗan kishingiɗa, ba ta farka ba sai la'asar. Gunadi, da ya dawo ya tarar ba a ba uwarsa abinci ba, bai yi faɗa ba. Ya dubi fuskar matarsa, ya ɗora ta a babur sai asibitin unguwa. Likita ta auna jininta sau biyu, ta tambaye ta tun yaushe take fama da ciwon kai. Bu Ratmi ta buɗe baki za ta amsa, sai kuka ya ƙwace mata, ita kanta ba ta san daga ina ya taso ba.

Da ta koma aiki, teburinta na nan. Endang ta rame.

"Karɓi kayanki, Bu. Kwantena ɗaya ta kwana biyar a tasha, Pak Hartono kamar zai cinye ni ɗanya."

Kunya ta kama Bu Ratmi, ta rubuta mata lambar tsohon ma'aikacin tashar nan a 'yar takarda.

Bayan wata huɗu aka sallami mutum biyu daga sito, Lintang kuma ta koma Jakarta. Endang ta rantse cewa yarinyar ta rubuta wa manaja a ƙaro wa Ratmi mataimakiya aka ƙi, shi ya sa ta yi fushi ta tafi. Direban kamfani ya ce a'a, dama rage mutane aka turo ta yi, ta gama ta wuce. Bu Ratmi ta saurari kowa ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Tana nan a teburinta har yau, ƙarfe biyar take tashi yanzu mafi yawan ranaku. Maganin hawan jininta kuwa a cikin gwangwanin alewa take zuba shi, kuma ba ta sha sai ta tabbatar Pak Hartono ya juya baya.