Yardar da Muka Yi a Shagon Tela

Lokacin da nake karatu a Khartum, mu 'yan kaɗan ne ke rubutu a sashen Hausa na kundin nan na intanet da kowa ke iya gyarawa. Babbanmu wani dattijon tela ne a kasuwar Umdurman, jikan alhazan da suka taho a ƙafa daga ƙasar Hausa suka zauna a nan, kuma a shagonsa muke haɗuwa. Ƙaramarmu 'yar gidan da nake haya ce a unguwar Kalakla, wadda Hausarta ke komawa Larabci kafin ta kai ƙarshen magana. Ni na lallaɓo ta. Burina ta rubuta tarihin unguwarsu da Hausa, yadda marigayiya kakarta ta ba ta shi.

Waya ce ta hana ruwa gudu. A sashen Larabci an saka sabon tsari: kana rubutu intanet ya yanke, abinka na nan a ajiye. A namu kuwa komai sai ya tafi. Takan rubuta da wayarta a bas daga kasuwar Suk al-Arabi, kafin ta sauka ya ɓace.

"Yaya, ya'ani mu ba mutane ba ne?" in ji ta.

A baya mu aka fara bai wa wani sabon abu, ya hargitsa mana shafuka, ni ne kan gaba wajen ƙorafin an mayar da mu abin gwaji. Yanzu an bar mu a baya, ga ni ina ƙorafi kuma. Ni kaina ban san wanne nake kira adalci ba.

Na rubuta wa masu tsarin. Wata mata ta amsa cikin ladabi, ta ce ba sa ɗora wa ƙananan sassa abin da ba su nema ba, sai mu nuna yardarmu a shafin tattaunawa.

Muka taru a shago, aka sha shayi, kowa ya yarda. Dattijon ya ture keken ɗinki, ya rubuta a shafin da yatsa ɗaya: "Mun tattauna, mun yarda." Shi ke nan. Wa zai ƙara magana ƙarƙashin ta babba, kamar tasa ba ta isa ba? Ko a ranmu bai zo ba.

Amsa ta dawo: mutum ɗaya kaɗai ya nuna sha'awa, don haka sai zagaye na gaba na saka tsarin.

Na yi ta karantawa. Su don girmama mu suka jira bakin kowa, mu don girmama babbanmu muka yi shiru. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na rasa wanda zan yi wa fushin. Da na yi wa dattijon bayani, sai ya dube ni ta saman tabarau.

"To ni da na yi magana, ɗana, da bakin wa na yi?"

Ya ce duk mu je mu rubuta. Muka rubuta, amma zagayen ya riga ya wuce.

Ranar da tsarin ya iso sashenmu, da murnata na kai wa 'yar gidanmu labari. Tana shanya a tsakar gida, ko juyowa ba ta yi ba.

"Kalas, shi ke nan, Yaya, ai na gama tarihin da Larabci tuntuni. Kai ka fassara."

Na zauna fassara. Da na iso inda kakar ke ba da labarin ranar da suka fara ganin kogin Nilu, na tambaye ta yadda tsohuwar ta faɗa da Hausa. Ta tsaya da rigar a hannu, ta daɗe tana tunani, sannan ta ce ta manta.