Baba da Ruwan Rumawa

Bayan rasuwar Inna da wata takwas muka shawo kan Baba ya zo Landan ya zauna da mu. Ni kaɗai ce 'yarsa mace, kuma sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba sai dai "Uwata". Aikin ruwa ya yi a Kano duk tsawon rayuwarsa, tun yana haƙa ramin bututu har ya zama shugaban masu gyara. Wanda ya san shi a da ya san shi da hira, in ya zauna a ƙofar gida bayan la'asar sai an yi masa tuni da magariba.

Mutumin da muka ɗauko a filin jirgi ba shi da wannan hirar. Gidanmu a Woolwich yana hawa na huɗu, tagar falo tana kallon kogi, a nan ya kafa kujera. Ya yi shekara guda da wani abu a haka. In na kai masa tuwo ya ci, in na tambaye shi gishiri ya ji sai ya ce, "Alhamdu lillahi." Yarana su gaishe shi da Hausa, su ƙarasa da Turanci, ya ce, "To, madalla," ya mayar da idonsa kan ruwa. Sunan Inna kuwa bai ambata ba ko sau ɗaya.

Wata Asabar na matsa masa muka fita shan iska. Mun fito daga tashar Tower Hill ke nan sai ya ja ya tsaya a gaban wani guntun tsohon bango. Ya sa gilashinsa ya karanta allon da ke jikinsa, wai Rumawa ne suka fara gina shi.

"Mutanen nan har nan suka zo?" ya ce. "Muna makarantar koyon sana'a a Kaduna wani malaminmu ya nuna mana hoton wata gada da suka yi. Hawa uku, baka a kan baka. Ba don mutane suka gina ta ba, ruwa ne ke bi ta kanta. Na manta ƙasar, amma hoton har yau ina ganinsa."

Rabona da jin ya jera magana haka na manta. Da muka koma gida na gaya wa maigidana, shi kuma ya yi ta bincike a waya har ya miƙa wa Baba wani hoto.

"Ita ce!" Baba ya miƙe tsaye. "Wallahi ita ce!"

A kudancin Faransa take, kusa da wani gari mai suna Nîmes, wanda ake furtawa Nim. Ban taɓa jin sunansa ba. Da na faɗa wa abokan aikina a kantin magani inda za ni hutu, duk tambayarsu ɗaya ce, me ya hana ni zuwa Faris kamar kowa. Da yake takardun zaman Baba sun riga sun fito, biza ba ta ja mu da nisa ba. Maigidana ya ce shi zai zauna da yara, mu tafi mu biyu.

Daga tashar St Pancras muka hau jirgin ƙasa. Da aka sanar za mu shiga ƙarƙashin teku Baba ya riƙe carbinsa sosai, bai sassauta ba sai da haske ya dawo. Muka sauya jirgi a Faris muka nausa kudu. Gonakin inabi suka fara wucewa, rufin gidaje ya koma ja, kuma da muka sauka zafi ya tare mu a bakin tasha, zafi na gaske mai shiga ƙashi. Baba ya cire rigar sanyin da ya yi shekara yana fama da ita, ya rataya a kafaɗa.

"Uwata, nan ai rana tana aiki," ya ce.

Garin ba shi da girma, da ƙafa muka yi ta zagaya shi. Ko'ina ka duba akwai hoton kada ɗaure a jikin dabino, har a kan ƙananan ƙarafan da aka kafa a daɓen titi. Baba ya tambayi mai masaukinmu ko suna da kada a kogunansu, mutumin ya yi dariya ya ce tambarin gari ne kawai. A tsakiyar gari akwai wani katafaren filin kallo na dutse, zagayayye, mai ƙofofi ta kowane gefe. Muka hau matakalarsa a hankali muna hutawa. Na karanta masa cewa a nan ake haɗa mutane faɗa har mutuwa jama'a suna kallo.

"Ginin ya yi kyau," ya ce, "aikin da aka yi shi dominsa ne bai yi ba. Mu sauka."

Abinci bai ba mu wahala ba. A wani lungu muka sami gidan abincin wani dattijo ɗan Maroko. Baba ya yi masa sallama, shi kuma ya amsa da fara'a, ya kawo mana kuskus da naman rago, ya shimfiɗa mana darduma a bayan kanti muka yi salla. Ba su da yare ɗaya, amma da guntun Larabcin allo da nuni da hannu sai da suka sha shayi kofi uku.

Kashegari da safe muka hau bas zuwa gadar. Daga inda aka sauke mu akwai 'yar tafiya cikin itatuwa, gyare na ta kuka. Muna shan wata kwana sai ga ta, ta tsallake kwari daga wannan tudu zuwa wancan, launinta kamar na gasasshen burodi. A ƙasa yara da manya suna iyo a kogi. Baba ya daɗe a tsaye yana kallon gadar. Daga baya ya matsa ya dafa dutsen, ya bi tsakanin dutse da dutse da yatsa.

"Zo ki gani. Ba siminti. Sassaƙa suka yi har kowane ya zauna a kan ɗan'uwansa."

Ya sa na tambayi mai yi wa baƙi bayani daga ina ruwan yake tasowa. Ta ce daga wani marmaro mai nisa, kuma gangaren da aka yi wa hanyar kaɗan ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa. Baba ya girgiza kai.

"Ba inji, ba lantarki, ruwa da ƙafarsa yake tafiya. In ka karkata masa hanya da yawa ya cinye ginin. In ka rage ya kwanta ya yi wari. Wanda ya auna wannan ya san ruwa."

Na zaci mun gama abin da ya kawo mu, amma ya ce shi sai ya ga inda ruwan yake sauka a cikin gari. A rana ta uku muka yi ta nema har muka same shi a wata 'yar hanya mai hawa, tsakanin gidajen mutane, bayan shingen ƙarfe. Wani zagayayyen kwarmi ne na dutse, busasshe, da ramuka goma jere a jikinsa. Ni da ni kaɗai ce da na wuce ban waiwaya ba. Baba kuwa ya riƙe shingen da hannu biyu ya shiga bayani: ta nan ruwa ke shigowa, a nan datti ke kwantawa, kowane rami bututun wata unguwa ne. Wasu tsofaffin Turawa biyu, mata da miji, suka tsaya suna saurare, na koma ina yi musu tafinta. Da za su tafi mijin ya miƙa wa Baba hannu ya kira shi injiniya.

Bayan sun wuce muka zauna a kan wani dakali a inuwa.

"Da muka yi aure da mahaifiyarki," ya ce, "gidan da muka kama ba famfo. Ina aikin ruwa, ita kuma tana jan guga a rijiyar maƙwabta. Kullum sai ta tsokane ni, wai ma'aikacin ruwa ne gidansa ba ruwa. Ranar da na ja mana bututu tana da cikinki. Na ce ta zo ta buɗe da hannunta. Ta murɗa, iska ta fara fitowa tana tari, sai ga jan ruwa ya feso mata a zane. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Kafin azahar ta kira matan layin kaf, tsakar gida ta cika da bokitai. Haka muka yi shekaru, ba ta taɓa hana kowa ɗiba ba." Ya dube ni. "Ban taɓa ba ki wannan labarin ba?"

"A'a, Baba."

Ya goge idonsa da hannun riga. Wata mata ta wuce da burodi a hammata. Sannan ya ce yunwa yake ji, mu koma wurin ɗan Marokon nan.

Da muka dawo Landan hira ta dawo tare da mu. A masallacin da muke Juma'a a Old Kent Road ya sami aboki, wani Alhaji ɗan zangon Kumasi da ya yi ritaya daga tuƙin bas. Bayan salla sai su zauna a bakin ƙofa Baba yana zana masa gada a bayan takarda. Da sanyi ya matso Baba ya ce gida yake so, muka mayar da shi Kano. Ya ƙara shekara uku cikin 'yan'uwansa kafin Allah ya karɓi abinsa.

Alhajin ya zo mana ta'aziyya har Woolwich, shi da matarsa. Bayan addu'a ya zaro wani hoto daga aljihu, su biyu ne tsaye a gindin gadar, matar ta kare fuska da mayafi saboda rana.

"Babanki ne ya sa muka je," ya ce da irin Hausarsu. "Matana ya ce zafi ya yi yawa, ƙafansa ya kumbura. Amma har yau yana maganan kuskus ɗin nan."

Matar ta harare shi ta ce ita ce ma ta fara ganin gadar, shi yana can baya yana neman wurin zama.