Ni da Hajiya Dudu a Ɗakin Masu Korona

Jama'a, ina gaisuwa. Ni ce dai Malama Rifkatu ta Bekaji, mai koyar da kimiyya. Na ga saƙonninku sun taru, masu tambaya da masu addu'a, ban iya amsa ko ɗaya ba. Yau na samu ƙarfin zama in ba ku labari.

Korona ce ta kama ni.

Da ciwon kai ta fara, sai zazzaɓi. Na ɗauka maleriya ce. Ranar da na soya albasa da manja ban ji ƙamshin komai ba, na gane ba maleriya ba ce. Daga nan numfashi ya fara gagara, daga ɗaki zuwa bakin famfo sai na tsaya na huta.

Mijina Bitrus ya ce, "Maman Alheri, tashi mu tafi. Ba zan zauna ina kallon ki haka ba."

Aka zura mini tsinke mai auduga a hanci har hawaye suka zubo. Da sakamako ya fito aka wuce da ni wurin killace masu cutar, Bitrus kuwa a bakin ƙofa aka tsayar da shi. Gwaji da gado kyauta ne, amma wasu magungunan da abinci mai ɗan daɗi shi ya riƙa sayowa yana ajiyewa wurin mai gadi.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ma'aikata sun rufe jiki ruf, idanunsu kawai ake gani. Robar oksijin a hancina, ɗan abin awo a yatsana, ni kuma ina tunanin wa zai riƙe mini 'yata Alheri.

A gadon da ke kusa da nawa akwai Hajiya Dudu, dattijuwa daga Yola Gari, mai sayar da atamfa. Ba ta cin abinci, ba ta magana, bango kawai take kallo.

Wata safiya na kunna rediyon wayata, aka ce an ƙara wa'adin kulle. Na ce, "Gara haka, da sun yi tun farko."

Sai ga Hajiya ta juyo.

"Malama, ke albashi ne yana shigo miki kina kwance. Masu dako na kasuwa fa? Gwamnati ya rufe kasuwa, ya rufe cikin yara ne?"

Na ce, "Hajiya, ai sai da rai ake ciniki."

Ta ce, "Sai da tuwo ake rai!"

Tun daga ranar muka samu sana'a. Mu yi gardamar takunkumi, mu yi ta rufe masallatai da coci, mu yi ta kayan tallafin da kowa ya ji a rediyo amma bai gani a unguwarsu ba. Idan tari ya tsayar da ɗaya, ɗayar ta jira ta. Hajiya ta fara shan kunu, wai don kada in kayar da ita.

Likita ya same mu muna yi, ya yi dariya ya ce, "Ku ci gaba. Wannan surutun ya fi awon da nake yi nuna mini sauƙi."

Idan an ɗauke wuta, hayaƙin janareto ta taga yake shigo mana, mu yi ta tari. Ran nan na ce mata akwai iskar da ake kira haidirojin, daga ruwa ake raba ta, idan inji ya yi aiki da ita ruwa ne ke fita maimakon hayaƙi. Ɗaya ɓangaren ruwan kuma shi ne wannan oksijin da ke hancinmu.

Ta kira nas. "Ki auna Malama, zazzaɓin ya dawo. Wai wuta daga ruwa!"

Da na rantse mata, ta ce, "To ga kogin Binuwai can a cike, me ake jira?" Na ce abin da tsada, kuma sai da lantarki ake raba ruwan. Ta ce, "Lantarkin da babu?" Muka yi dariya har robar hancina ta zame.

Wata rana da la'asar numfashinta ya sarƙe. Ma'aikata suka shigo da gudu, suka tura gadonta wani ɗaki. Ba na jin kukan da na yi wa kaina ya kai wanda na yi mata. Na yi ta addu'a, na kasa tambayar kowa don tsoron amsar.

Bayan 'yan kwanaki aka turo ta, ta rame, murya ƙasa-ƙasa. Ta dube ni ta ce, "Malama, ina muka tsaya?"

Wayyo daɗi!

Ni aka fara sallama da gwajina ya fito babu cutar, ita ta biyo baya. Yanzu Adda nake kiran ta, wato yayata. Na yarda kulle ba tare da abinci ba zalunci ne, ita kuma tana sa takunkumi a shago, ko da yake har yanzu tana cewa zafi yake ba ta.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa likitoci da nas-nas da masu shara, waɗanda ko fuskokinsu ban sani ba. Matan zumunta na cocinmu da maƙwabtana Musulmi da suka ciyar da gidana, Allah ya saka.

Shawarata: idan numfashi ya fara yi muku nauyi, ku bar shagon magani ku je asibiti. Ku wanke hannu, ku buɗe taga, ku nisantar da janareto daga ɗakin kwana. Wanda ya warke kuma kada ku guje shi a hanya, abin yana da ciwo.

Bitrus yana ƙwala mini kira, wai miyar kuka ta huce. Bari in je, yanzu ba na wasa da kwano.