Kular Ƙanƙarar da Manaja Ya Kawo wa Inna Tela

Inna Tela a zaune ta cinye ƙuruciyarta. Tun ƙafarta ba ta gama kaiwa ga matakin keken ɗinki ba aka ɗora ta a kansa. A kansa ta yi aure, a kansa ta yi goyo, da mijinta ya rasu ma keken ne ya riƙe gidan. Shagonta ƙofa ɗaya ce, tsakanin mai gyaran rediyo da mai wanki da guga, kuma babu macen da ta yi biki a layin nan ba ta tsaya a gabanta an zagaya ƙugunta da tef ba. Da taka keken nan ta tura 'ya'yanta makaranta har suka zama mutane. Duk tsawon shekarun, ba wanda ya taɓa tambayar ta ko gwiwarta na ciwo.

Malam-buɗe-littafi ta taga ya shigo rayuwarta. Wata rana a farkon damina tana fama da zaren da za ta yi wa wuyan wata riga ado, ta jera kala-kala a cinya duk sun ƙi haɗuwa, sai ga wani ya sauka kan jiƙaƙƙen tsumman da take goge keke. Baƙi ne wuluk, da ratsin ruwan lemo da ɗigon shuɗi a gefe. Ta saki baki. Da ita ce ta haɗa waɗannan launuka a rigar mutane, da an dawo mata da ita ana cewa idonta ya fara tafiya. Amma ga su a jikin ƙwaro, sun zauna daram. Kafin ta miƙa hannu ta ɗauko zare ta gwada, ya tashi abinsa.

Tun daga ranar ta kamu. Autarta ce ta lura, ta ba ta tsohuwar kyamararta mai dogon baki, ta nuna mata inda ake dannawa. Da idon Inna ya gaji da neman ramin allura, ta rufe shago ta koma gidan babban ɗanta, sai kyamarar ta maye gurbin keke.

A bayan gari akwai gandun daji, inda bas ke juyawa. Da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, sai malamanta, kamar yadda take kiran su, su fito kamar an zazzage su daga buhu. Lokacin ɗan kaɗan ne. Kafin a ankara ciyawa ta rufe hanya, rafi ya cika, sai kuma baɗi. Kowace Asabar ta waɗannan makonni Inna kan fita da 'yar kujerarta mai naɗewa da gorar ruwan gishiri. Ta gano suna son laka mai gishiri-gishiri, don haka sai ta yayyafa a bakin rafi, ta koma gefe ta zauna, ta jira rana ta ɗumama. Rabin hotunanta laka ce zalla. Sauran kuwa ganye ne wanda wani ya tashi daga kansa yanzu-yanzu. Ko a jikinta. Akwai wani babba, baƙi mai ratsin kore-shuɗi kamar an zuba masa ruwan kwalba, wanda ta sa wa suna Marar Zama. Damina bayan damina tana bin sa, bai taɓa tsaya mata ba. Ko ya sauka shan ruwa, fukafukansa karkarwa suke yi kamar mai jin fitsari.

Babban ɗan nata shi ne manajan wani kanti da ke sayar da firji da injin ƙanƙara, har a gida Manaja ake ce masa. Mutumin kirki ne, irin kirkin nan da ke son a gani a yaba. Matarsa ta haifi tagwaye, hutunta ya ƙare, ta koma aikinta na asibiti, aka kuma jefa mata aikin Asabar. Mai aikinsu ta gudu. Ranakun mako duka Inna ce da yaran: wanka, goyo, jijjiga, wankin tsumma. Asabar kaɗai ta rage mata. Ita ce kuwa Manaja ya sa wa ido.

Bai fito ya nema ba. Sai dai rana tsaka ya tashi da tausayin gwiwa.

"Mama, wannan gwiwar taki fa, ba na son yawan tafiyar nan."

"Gwiwar da na tsaya a kanta jiya na wanke bokitin tsumman 'ya'yanka? Lafiyarta ƙalau."

"To macizai fa? Damina ce."

"Mun saba. Suna gaishe ka."

"Mutane ma sai su ga kamar mun kasa riƙe ki. Babbar mace, kina bin ƙwari a daji."

Nan ne abin ya fara ci mata rai. Gwiwar da ta taka keke har ya gama jami'a bai taɓa jin ƙararta ba, sai yanzu da take kai ta inda take so.

Asabar ta zo, an kwana ana yayyafi, gari ya waye fes, irin safiyar da malamai ke yin dandazo. Inna ta cika gorarta, ta rataya kyamara, tana neman takalminta, sai ga Manaja ya shigo falo rungume da shuɗiyar kula, irin wadda ake zuba lemon kwalba a ciki. Fuskar nan tasa sai sheƙi take yi.

"Mama, zauna. Yau daji ne ya zo gida."

Ya jawo teburin tsakiya kusa da taga, ya ɗora furen roban da ke kan talabijin, ya gyara labule. Sannan ya buɗe kular. A ƙasa ƙanƙara, a kanta tawul, a kan tawul ɗin malam-buɗe-littafi ne a jere, fukafukai a rufe, kamar ƙyallayen da aka yanka aka ajiye.

"Direbanmu na tura jiya da raga, can gefen gandun naki. Kar ki damu, ba su mutu ba. Na san sanyin da ke kisa, na san wanda ke kwantarwa, aikina ne. An ce manyan masu hoto ma haka suke yi. In suka sha sanyi, inda ka ajiye su nan za su zauna."

Ya sa yatsu biyu ya ɗauko wani ya ɗora kan furen roba. Inna ta zuba masa ido. Marar Zama ne. Ya maƙale da ƙafafunsa, ya buɗe fukafukai a hankali, ya tsaya cak.

"Ɗauka mana! Kin ga? Ba laka, ba maciji."

Kada a yi mata ƙarya, ta ɗaga kyamarar. Hannunta ne ya riga ta. Abin da ta yi damina da damina tana nema ga shi ya cika gilashi, kowane ratsi a fili, hasken taga ya kwanta masa kamar an yi oda. Yatsarta na kan madanni. Sai ta ga wani abu a fiffiken dama: garin launin ya goge, ya bar tabo mai zagaye-zagayen layuka. Shatin babban yatsan ɗanta ne.

Ta sauke kyamarar.

"Manaja."

"Na'am, Mama."

"Ni lamba nawa za ka murɗa?"

"Ban gane ba."

"Ka ce ka san sanyin da ke kwantarwa. To ni uwarka, a wace lamba za ka sa ni in zauna inda ka ajiye ni?"

"Haba Mama! Don ke na yi fa!"

"Don ni? Kalli idona ka sake faɗa. Ka tura mutum da raga ya kwashe bayin Allah daga inda suke, ka kwanar da su a kan ƙanƙara, ka dangwala musu yatsa, duk don kada bakinka ya furta cewa ba ku da mai riƙe yara ranar Asabar. Kalma nawa ce? Nauyinta ya fi na kular nan?"

Matarsa na tsaye a ƙofar ɗaki cikin kayan aiki, jaka a kafaɗa, kamar ƙasa ta tsage ta shige. "Wallahi Mama, na ce masa ya tambaye ki kai tsaye."

"Na sani, Maman Biyu. Wannan dabara ba ta mai hankali ba ce, ta mai firji ce. Wuce aikinki, kada ki makara."

Ga abin da Inna ba ta faɗa ba. Da ya tambaya kai tsaye, da ta yarda. Ta san halinta. Da ya sunkuyar da kai ya ce Mama ki taimaka, da ta rataye kyamarar a ƙusa ta ce ai baɗi ma damina ce, baɗin kuma wani dalili ya taso. Shi ma ya san za ta yarda. Abin da ba ya so shi ne ya zama wanda ya roƙa. So yake ya karɓe mata Asabar, ita kuma ta yi masa godiya. Wannan ne ya tafasa mata zuciya. Can ƙasan tafasar kuma akwai wani ɗan sanyi da ta ji kunyarsa: yaron ya yi laifin da ya buɗe mata ƙofa, kuma ba ta da niyyar barin fushin ya huce kafin ta kai bakin titi.

Ta juye ƙanƙarar a bahon wanki, ta mayar da tawul, ta lallaɓa ta ɗauke Marar Zama da gefen takarda ta sa shi cikin 'yan'uwansa.

"Yaran fa?" in ji Manaja. A daidai nan ɗaya ya tsala ihu daga ɗaki, ɗayan ya amsa.

"Ai ga ubansu. Madara na cikin firji, ka fi kowa sanin hanyarsa."

A ƙofar gandu, mai gadi ya ga kula ya washe baki. "Inna, yau da guzuri aka zo? A san da mu."

"Fursunoni ne na kawo gida, ɗana. Buɗe mini."

A bakin rafi ta yayyafa ruwan gishirinta, ta ajiye kular inda rana ta fi dukawa, ta cire murfin. Shiru. Can wani ɗan rawaya ya motsa, ya hau gefe, ya tashi a karkace kamar wanda ya sha maganin mura. Wani ya bi shi. Waɗansu ba su tashi ba har abada. Ta tone laka da tsinke ta rufe su, tana faɗa wa ɗanta maganganun da ba ya wurin balle ya ji.

Marar Zama ya daɗe a bakin kular, fukafukai a shimfiɗe, yana shan rana. Ga laka, ga ganye, ga haske na gaskiya. Ba mai cewa ba a daji aka ɗauka ba. Inna ta bar kyamarar a cinya. Sai da karkarwar nan tasa ta dawo, ya yi sama, sannan ta ɗaga ta danna. Abin da ya fito wani koren ratsi ne a kan ruwa, kamar an ja zare da sauri. Shi ta kai aka wanke mata, ta rataye a falo, saman talabijin, inda furen roba yake a da.

Manaja ya yi kwanaki yana gaishe ta a daƙile. A ƙarshe ya mayar da ranar hutunsa Asabar, ya koyi goyon ɗaya a baya da riƙon ɗaya a kafaɗa. Har yau in baƙi suka tambayi hoton, yakan ce na Mama ne, bai fito da kyau ba, an so a taimaka mata ta ƙi.

Kular dai ba ta koma hannunsa ba. Ta fi kujera mai naɗewa daɗin zama, kuma gorar gishiri na shiga ciki daidai.