Hajo Mai Masa, Wadda Gyaranta Sai da Labari

Tun kafin mai gadi ya buɗe ƙofar wata makarantar sakandare a Sabon Birni, hayaƙin murhun Hajo ya riga ya tashi. A gindin dogonyaron da ke hannun dama take zama. Takan share wuri, ta ɗora tanda, ta buɗe robar ƙullu ta sansana ta ji ko ya tashi, sannan ta yi bismillah ta zuba ludayin farko. Masar farko ba ta sayarwa ba ce, ta mai gadi ce. Sauran kuwa tana nan tana juya ta da cokali har a tashi tara, yara su ɓarko waje kamar an buɗe wa awaki ƙofa.

Kowa ya san gyara. Ka sayi abu, mai sayarwa ya ɗora maka ɗan ƙari don ka dawo gobe. Wajen Hajo ma akwai gyara, sai dai nata da sharaɗi. In ta zuba wa yaro masarsa, sai ta ɗauki guda ta riƙe a sama, ta karkata kai ta dube shi.

"Mi anka koya muku yau?"

In ya faɗi, ko da jimla ɗaya ce, gyara ya sauka. In ya tsaya sosa ƙeya, ta mayar da abarta faranti, ta kira na bayansa. Sama da shekara ashirin tana wannan tambaya, har "gyara sai da labari" ya zama karin magana a gari. 'Yan kabu-kabu, masu haya da babur, da yawa a tasha tsofaffin abokan cinikinta ne, kuma har yau in ɗayansu ya tsaya saye, da labarinsa yake zuwa.

Bana ce shekararta ta ƙarshe a gindin dogonyaro. Hayaƙi ya ci idonta, gwiwa ta fara ƙin tsuguno, ɗanta da ke garin Isa ya ce ya isa haka. Ita da 'yan aji shida na bana rana ɗaya aka yaye su. Shi ya sa na ga bai kamata ta naɗe tabarmarta ta tafi ba tare da wani ya miƙe ya ce mata sannu ba.

Wanda duk yake son sanin halin 'yan ajin nan, kada ya wahalar da kansa, ya je ya tambayi Hajo. Jabir ne sarkin surutunsu. Yana aji biyu ya taɓa rasa labari, ga kwaɗayi, sai ya ce mata an koya musu cewa a ƙasar Turawa jakuna ma na zuwa makaranta. Ta ba shi gyaransa. Washegari ta ce, "Na bincika, ƙarya ta. Amma ta yi daɗi. Sau guda aka biyan irinta." Jabir yanzu makanikin jirgin sama yake son zama. Hujjarsa ita ce ya taɓa kwance babur ɗin yayansa ya sake ɗaurawa, kuma babur ya tashi, ko da yake an samu ragowar kusoshi a aljihunsa.

Kausar kuma gardama ce abincinta. Ita ta kawo labarin cewa duniya juyawa take yi. Hajo ta dubi robarta, ta dubi yarinyar, ta ce, "In ƙasa ka juyawa, mi yah hana ƙulluna zubewa?" Abin ya yi wa Kausar ciwo. Ta bi malamin kimiyya ta hana shi shan ruwa, sai da ta dawo da bayanin da ya gamsar da mai masa. Lauya take son zama, kuma takan ce Inna Hajo ce alƙalin farko da ta taɓa tsayawa a gabansa. Khairat, wadda ke mafarkin zama ungozomar asibiti, ita ta gaya mata cewa abin da ke tayar da ƙullu wasu ƙananan halittu ne masu rai. Hajo ta yini tana leƙa roba tana dariya. "Ashe kiwo nika yi ban sani ba!"

Ke ce, Hajo, kika sa yara suka riƙa kasa kunne a aji don kada su fito hannu rabbana. Ke ce mai jarrabawar da ba a faɗuwa, sai dai a rasa gyara. Malamai sun shaide ki. Wani a cikinsu ya ce mini in darasi ya shiga, a bakin tanda ake ganewa. A shekarun da hanya ta lalace saboda rashin tsaro, aka yi ta rufe makaranta ana buɗewa, duk ranar da aka buɗe hayaƙinki iyaye ke hangowa su san yau akwai karatu.

Amma akwai yaro ɗaya da ya gagare ta, shi ne Ubaidullahi, ɗan wata ruga ta wajen Kurawa, wanda ke zaune wajen wani ɗan'uwansu a gari don karatu. A makonsa na farko ya sayi masa, ta ƙona shi a yatsa, ya yarfe hannu ya ce, "Da jahi!" Mutanen nan "zahi" suke cewa, shi kuwa harshen Fulatanci ya ja shi. Yara suka kwashe da dariya, sunan Jahi ya manne da shi. Bayan haka aka shiga shekarun da ɗan Fulani a cikin gari ya koyi sunkuyar da kai. Daga nan bakinsa ya mutu. Ya zo, ya nuna da yatsa, ya karɓa, ya wuce. Malamai sun ce takardarsa ba ta da laifi, amma ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga hannu ba.

Hajo ba ta daina tambayarsa ba. Ta bi ta nan, ta bi ta can, har ta roƙe shi ya koya mata yadda ake cewa ruwa da Fulatanci. Murmushi kawai yake yi. Wata rana tausayi ya kama ta, ta karya dokarta, ta ɗora gyara ba labari. Yaron ya ɗauke shi a hankali ya mayar mata faranti. Abin nan ya tsaya mata a rai. Me ke cikin kan yaron nan? In ta kwanta da tambayar take kwana, in ta tashi da ita take tashi.

Ana saura kwana kaɗan bikin yaye ɗalibai, ranar kasuwa, sai ga Wakili, mahaifin Ubaidullahi, ya tsaya da sandarsa a bakin tanda. Bayan gaisuwa Hajo ta ce, "Wakili, in an gama, mi za a yi da shi?"

Ubaidullahi ɗan fari ne, don haka uban ba ya kama sunansa, ba ya zama hira da shi, shi ma yaron kunya ba ta barinsa ya dubi idon uban. Wakili ya kau da kai ya ce, "Yaron ga bai ce shina son komi ba. Da ya ce, da na san abin yi. Tunda bai ce ba, damina ta kama, in an watse mu ƙetara Nijar da shanu."

"Kai ka tambaye shi?"

"Haba mai masa, ni in tambaye shi?" Sai ya rage murya. "Akwai ma wani abu. In ya zo hutu, shina hita da shanu, shi tsaya gabansu, shi sa kara ga baki, shi yi ta magana shi kaɗai. Ina tsoron iska na. Can ƙetare akwai mai magani."

Hankalin Hajo ya tashi, amma son jin labari irin nata ya fi tashi. Yaron da ba ya magana da mutane, me yake gaya wa shanu? Abu ɗaya dai ta gane. In Ubaidullahi bai buɗe baki ranar biki ba, a gaban ubansa, to karatunsa ya ƙare, kuma ba don wani ya hana shi ba, sai don ba wanda ya ji abin da yake so.

Ranar biki aka kafa rumfa, aka yi jawabai, aka raba kyaututtuka. Da aka tashi, 'yan aji shida suka nufo gindin dogonyaro, domin al'adar Hajo ce duk shekara a wannan rana masa kyauta ce ga masu fita, tambaya kuma takan canza. Gyaran sallama take kiransa. Jabir ya faɗi jirginsa, Kausar ta faɗi kotunta, Khairat ta faɗi asibitinta. Masu son soja suka faɗa, mai son ya gaji ubansa a fataucin Maraɗi ya faɗa ba kunya. Layi ya ƙare, saura mutum ɗaya. Wakili na tsaye can gefe, yana yi kamar sandarsa yake dubawa.

Hajo ta ɗaga masa guda sama.

"Ubaidu, yau dai ko ni ko kai. Gobe ba ni nan, kai ma ba ka nan. Mi kaka son zama?"

Yaron ya dubi ƙasa, ya dubi inda ubansa yake, sannan ya ɗago.

"Inna Hajo, za ni hwaɗi. Amma ke hwara. Tun muna aji ɗaya kika tambayammu, ba wanda yat taɓa tambayakki. Ke mi kinka so zama?"

Muryar ce ta fara ba mutane mamaki, kakkaura, a natse, kowane harafi a mazauninsa. Hajo kuwa ludayi ya kusa suɓuce mata. Mai tambaya yau an tambaye ta. Ta ga in ta noƙe, yaron ma zai noƙe, don haka ta goge ido da bakin gyale, ta ɗora laifin a kan hayaƙi, ta yi magana.

"Ina yarinya anka zo Unguwal Lalle rubuta ɗiya makaranta. Kakata taɓ ɓoye ni cikin rumbu. Ina ciki ina jin ana kiran sunan ƙawayena. Sunka tahi, ni niz zamna. Tun rannan nika son in ji mi aka hwaɗi cikin ɗakin ga. Na kai ma malamai abinci har bakin ƙohwa, amma ban taɓa zama bisa benci ba. Ɗiyam makaranta nas so zama, shi ke nan."

Ba wanda ya yi dariya, har Jabir. Kausar ce ta kama hannunta ta ce, "Inna, tashi." Khairat ta karɓi cokali ta zauna bakin tanda. Aka rako Hajo, aka shiga da ita aji shida, aka zaunar da ita a bencin gaba. Ta shafa katakon, ta ɗaga kai tana duban allo da silin da tagogi, kamar wadda ta je baƙunci gidan da ta daɗe tana jin labari.

Ubaidullahi ya zare ludayin daga hannunta, ya tsaya gaban allo, ya kai shi baki.

"Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Ga labaran duniya daga Sabon Birni. Babban labarinmu, Hajo mai masa ta shiga aji. Masu lura da al'amura sun ce ta makara, amma ba wanda ya isa ya tare ta a ƙofa. Game da yanayi kuwa, yau ana zafi, ko kuma, in ji wani tsohon ɗalibi, ana jahi."

Aji ya ɗauki dariya da tafi. Ya bari suka lafa, ya maimaita labarin kaf da Fulatanci, sannan ya sauke ludayi ya ce, "Abin da nika son zama ke nan. Mai karanta labarai ga rediyo, da harshe biyu."

Wakili na tsaye a taga, bakinsa a buɗe. "Ashe ba iska ba na," in ji shi, "rediyo na!" Ko a lokacin bai dubi ɗansa ba. Hajo ce ya duba. "Mai masa, hwaɗa ma yaron ga, shanu sun ji nasu labari. Saura mutane. Shi zamna shi ci gaba."

Hajo, na gode miki a madadin yaran da kika sa suka yi magana, da iyayen da ba su san rabin abin da kika yi musu ba. Uwar tanda, mai tambayar da ba ta tsufa. Allah ya ba idonki lafiya, ya sa zaman Isa ya karɓe ki. Mu kuma da muka rage, ba sai mun iya suya ba. In yaro ya dawo daga makaranta, mu aje abin da ke hannunmu mu tambaye shi me aka koya masa, mu kuma tsaya mu ji amsa, ko da za ta ɗauki shekaru kafin ta fito.

Kafin ta tashi daga bencin nan, Jabir ya ruga waje ya dawo da masa guda mai zafi. Ya riƙe ta a sama, ya karkata kai irin nata.

"Inna Hajo, mi anka koya miki yau?"

Ta gyara zama, ta dafa ƙugu. "An koya min bencin ga da tauri," ta ce. "Da na san bisa wanga kuka yini, da na ƙara muku gyara."

Ya ɗora mata a tafin hannu. Ta ci.